Yadda ake shirya wa haihuwa ta biyu da kula da jariri har ya cika sati shida

Mai cikin fari kowa lallaɓa ta yake yi. A raka ta awo, a hana ta ɗaukar abu mai nauyi, a yi ta tambayar ko ta ci abinci. Mai ciki na biyu kuwa sai a ce ai ta san hanya, ita ma ta yarda da hakan, ga ɗan fari riƙe da zaninta ko zama ba ya barin ta ta yi. Sabon da kika yi zai amfane ki, ba shakka: kin san naƙuda, kin iya riƙon jariri, kukansa ba zai firgita ki kamar da ba. Amma wannan "na saba" ɗin shi ke sa mace ta makara zuwa awo, ta makara zuwa asibiti ranar haihuwa, ta raina jinin da bai kamata a raina ba. Ga yadda za ki bi abin daki-daki, tun daga ranar da kika gane kina da ciki.

Mataki na farko: ki kai labarin haihuwarki ta farko wurin awo

Ki fara awo kafin cikin ya wuce sati 12. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu, kuma ba ta cire wadda ta taɓa haihuwa ba. A ranar farko, babban abin da za ki kai musu shi ne labarin abin da ya faru a wancan karon. Idan katin awonki na da yana nan, ki tafi da shi. Idan ya ɓata, ki zauna ki tuna: da kanki kika haihu ko tiyata aka yi miki, kuma me ya jawo tiyatar? Kin zubar da jini har aka ƙara miki? Jininki ya hau, ko kin yi jijjiga? An ce kina da ciwon suga na ciki? Cikin ya kai sati 37 kafin ki haihu? Nawa ne nauyin yaron, ya haura kilo 4? Duk waɗannan suna iya dawowa, kuma ungozoma ko likita ba za su sani ba sai kin faɗa.

Abu uku zan ɗan tsaya a kansu, domin ciki na biyu ne ainihin wurin da suke nuna kansu.

Na ɗaya rukunin jini. Idan jininki negetib ne, kamar O negetib ko B negetib, na ɗanki na fari kuma fozitib, jininsa na iya gauraya da naki lokacin haihuwa, jikinki ya haɗa garkuwar yaƙi da irin wannan jinin. Ɗan fari yakan tsira lafiya. Na biyu ne garkuwar ke iya farfasa wa ƙwayoyin jini tun yana ciki, ya zo da ƙarancin jini ko shawara mai tsanani. Allurar anti-D da ake yi wa uwa cikin awa 72 bayan haihuwa ita ke hana wannan. Ki tuna ko an yi miki a wancan karon, ko bayan wani ɓari idan kin taɓa yi. In ba a yi ba, ki faɗa tun ranar farko a gwada jininki a riƙa bibiyar cikin.

Na biyu sikila. Idan ke da maigida duka AS ne, wato kuna ɗauke da gadon sikila amma ba ku da ciwon, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 na zuwa da SS, wato mai ciwon sikila. Lafiyar ɗan fari ba ta rage wannan lissafin, ciwonsa ma ba ya ƙara shi. Kowane ciki da nasa rabon. Ki nemi a gwada jaririn da wuri.

Na uku tabon tiyata. Tiyata ɗaya ba ta nufin kin rabu da haihuwa da kanki har abada. Kusan mata 3 cikin 4 da suka gwada naƙuda bayan tiyata ɗaya sukan haihu da kansu. Sai dai tabon mahaifa na iya tsagewa a wurin kusan mace 1 cikin 200, kuma in ya tsage mintoci ne tsakanin rai da mutuwa. Saboda haka mai tabo ba ta naƙuda a gida, ba ta shan wani abu don naƙuda ta yi sauri, kuma asibitin da za ta je ya zama wanda ake iya tiyata a cikinsa dare da rana. Ku yanke shawarar da likita tun cikin bai tsufa ba.

Maganin ƙarin jini da folik asid ki sha kullum kamar yadda aka rubuta miki. Cikin farko da shayarwa sun riga sun ci ajiyar jikinki, musamman idan tazarar ba ta kai shekara 2 ba. A karɓi allurar tetanus, kuma a wuraren da zazzaɓin cizon sauro ke yawa a sha maganin kariya da ake bayarwa a awo, a kwana cikin gidan sauro.

Mataki na biyu: abin da jikinki zai yi dabam

Cikin zai fito da wuri, domin naman ciki ya riga ya taɓa buɗewa. Motsi ma za ki iya jin sa tun wajen sati 16, alhali a na farko sai kusan sati 18 zuwa 20. Ciwon baya da na ƙugu sukan fi yawa, gajiya kuma ba a magana. In za ki ɗauki ɗan fari, ki durƙusa ki ɗaga shi da ƙarfin ƙafafunki, kada ki sunkuya.

Idan cikin ya shiga kina shayarwa, kada ki firgita ki cire yaron rana ɗaya. Nonon mai ciki ba ya lalacewa, ba ya zama guba. Yakan ragu a tsakiyar ciki, ɗanɗanonsa ya canza, yara da yawa su bari da kansu. Wadda ke zubar jini, ko ta taɓa haihuwa kafin lokaci, ko take ɗauke da tagwaye, ita ce za ta tambayi likita ko ta dakata.

Mataki na uku: ki shirya ɗan fari

Ƙaramin yaro bai san wata tara ba. In kin gaya masa tun cikin yana wata biyu, kullum zai tambaye ki yaushe. Ki bari sai cikin ya fito, ki ɗora hannunsa ya ji motsi, ki ce masa ƙaninsa ko ƙanwarsa ce a ciki. Ki gaya masa gaskiyar abin da zai gani: jariri ba ya wasa, ba ya magana, barci yake yi da kuka da shan nono. Yaron da aka yi wa alkawarin abokin wasa ya ga an kawo mai kuka, zai ji an yaudare shi.

Duk wani babban sauyi a rayuwarsa, ki yi shi wata biyu ko uku kafin haihuwa, ko kuma ki ɗage shi sai bayan an natsu. Yaye, raba shimfiɗa, koyon zama a fo, fara makaranta, duk suna ciki. Idan ranar da aka kawo jariri ita ce ranar da aka ɗauke shi daga gefenki, a ransa jaririn ne ya kore shi. Wanda zai riƙe shi ranar haihuwa kuma ya fara saba masa tun yanzu, ya riƙa yi masa wanka yana kwantar da shi wasu ranakun.

Mataki na huɗu: ranar naƙuda, kada ki jira irin jiran farko

Kafin sati 36 jakarki ta zama a haɗe, da katin awo a samanta. Ki san wanda zai zauna da yaron ko da tsakar dare ne, da na biyunsa idan na farkon bai samu ba. Ki san abin hawan da zai kai ki. Idan kin taɓa zubar da jini, a tanadi wanda zai iya ba ki jini.

Naƙuda ta biyu yawanci ta fi ta farko gajarta. Bakin mahaifa da ya taɓa buɗewa ba ya gardama kamar da, yunƙurin turo yaro da ya ɗauki awa ɗaya ko biyu a karon farko yana iya ƙarewa cikin mintoci. Ni kaina na zauna ina lissafi da awoyin haihuwata ta farko, ina cewa bari in gama kintsa yaron tukuna, da ƙyar muka isa ɗakin haihuwa. Da zarar ciwon ya fara zuwa a jere, kamar kowane minti 10 ko ƙasa da haka, yana ƙara ƙarfi, kwanciya ko tafiya ba su ɗauke shi ba, ki tashi. Idan asibitin da nisa, ko ta farkon ma da sauri ta zo, ki tafi tun kafin haka.

Akwai abubuwan da ba a jiran ciwo a kansu. Faya ta fashe, musamman in ruwan kore ne ko ruwan ƙasa-ƙasa. Jini ya ɓalle. Motsin yaro ya ragu. Ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi ko kumburin fuska. Kowanne daga ciki, asibiti kai tsaye.

In kuma haihuwa ta riske ki a gida ko a hanya, wanda ke tare da ke ya tari jaririn, ya goge shi da tsumma mai tsabta har ya bushe, ya ɗora shi a ƙirjinki, a rufe ku tare har kansa. Kada a ja cibiya don mabiyiya ta fito, kada a yanke ta da abin da ba a tabbatar da tsabtarsa ba. A wuce asibiti a haka.

Mataki na biyar: awa ta farko da kwanan farko

Ki roƙi a ɗora miki shi a ƙirji, fata da fata, da zarar an goge shi. Ana so a jinkirta ɗaure cibiya aƙalla minti 1 idan yana numfashi lafiya, domin jinin da ke cikinta ya ƙarasa shiga jikinsa. A sa shi a nono cikin awa ta farko. Dakashi, wato ruwan nonon farko mai kauri da launin rawaya, kada a matse shi a zubar. Kaɗan ne, amma cikin jariri a ranar bai fi ɗaukar ƙaramin cokali ɗaya ko biyu a lokaci guda ba, kuma garkuwar jikinki ce a cikinsa. Wanka a bari sai bayan awa 24, saboda jariri na saurin yin sanyi. Kafin a sallame ku a tabbatar an yi masa allurar bitamin K mai hana zubar jini, da rigakafin ranar haihuwa: BCG ta tarin fuka, ɗigon shan-inna, da ta ciwon hanta nau'in B wadda aka fi so cikin awa 24.

Ke kuma za a yi miki allurar oksitosin don mahaifa ta tsuke. Kada ki matsa a sallame ki don hankalinki na kan yaron gida. Shawarar ita ce a zauna aƙalla awa 24 bayan haihuwa lafiya, domin a cikin wannan lokacin ne zubar jini mai haɗari ya fi faruwa. Ki riƙa taɓa ƙasan cibiyarki: mahaifa ta zama da tauri kamar ƙwallo. In kin ji ta yi laushi jini na zuba, ki murza wurin ki kira nas. Ki yi fitsari akai-akai, mafitsara in ta cika tana hana mahaifa tsukewa.

Abin da ba a cika gaya wa mata ba shi ne ciwon mara na bayan haihuwa. A haihuwa ta biyu ya fi na farko zafi, kuma yakan taso daidai lokacin da yaro ya kama nono, har wata ta ɗauka wani abu ne ya lalace. Mahaifa ce ke komawa mazauninta. Yakan lafa cikin kwana 2 zuwa 3. Farasitamol, yin fitsari kafin shayarwa, da ɗumama marar da tsumma mai ɗumi suna taimakawa. In ya zo da zazzaɓi ko jini mai wari, wannan ba shi ba ne, a duba ki.

Mataki na shida: haɗuwar yaya da ƙani

Lokacin da ɗan fari zai fara ganinki, ki sa jaririn ya kasance a kwance ko a hannun wani. Ki rungumi babban tukuna, ki ce kin yi kewarsa, sannan ku je ku ga jaririn tare. Masu zuwa barka ki roƙe su su fara gaida shi.

Bayan haka ki sa ran komawa baya. Yaron da ya daina fitsarin kwance zai iya dawowa da shi, ya koma maganar jarirai, ya ce shi ma nono zai sha, ko ya ce a mayar da jaririn inda aka samo shi. Ba rashin tarbiyya ba ne, kuma duka ba ya gyara shi, sai ma ya ƙara masa tabbacin an daina son sa. Abin da ke gyara shi minti 10 ko 15 ne a kullum da ya san nasa ne shi kaɗai, jariri na hannun wani. Ki ba shi ɗan aiki: ya miƙo kunzugu, ya zaɓi rigar da za a sa wa ƙaninsa. Ki kula da bakinki ma. Maimakon "ba zan ɗauke ka ba, ina ba jariri nono", ki ce "zo ka zauna nan kusa da ni". Idan tiyata aka yi miki, ba za ki ɗaga abin da ya fi jaririn nauyi ba har wajen sati 6, don haka ki zauna shi ya hau kusa da ke. Maigida, nan ne wurinka: wankan babban, kwantar da shi, fita da shi, duk ka ɗauke mata.

Doka ɗaya ba ta da sassauci: kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai da jariri ko na minti ɗaya. Cikin ƙauna zai iya tura masa abinci a baki, ya rufe masa fuska da zani, ko ya ce zai ɗauke shi. Ya wanke hannu kafin ya taɓa shi, in yana mura ya sumbaci ƙafa maimakon fuska, domin murar da ba ta hana babba wasa ba tana iya kwantar da jariri a asibiti.

Mataki na bakwai: jariri a gida

Nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba jiƙo, zuma kuwa sai ya shekara. Ki ba shi duk lokacin da ya nema, aƙalla sau 8 zuwa 12 a yini da dare. Kada ki auna shi da yayansa. Wani jaririn mai haɗama ne, wani sai an tashe shi. In ya kama daidai, bakinsa a buɗe yake sosai, leɓen ƙasa ya juyo waje, haɓarsa na taɓa nono, ke kuma ba ki jin zafi mai tsanani.

Yadda za ki gane yana ƙoshi a kunzugunsa yake. Kashin farko baƙi ne mai danƙo, ya kamata ya fito cikin kwana ɗaya zuwa biyu, sannan ya koma kore, ya zama rawaya wajen kwana na 5. Daga nan kuma ya jiƙa kunzugu aƙalla 6 a rana. Raguwar nauyi a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne in bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, kuma yakan dawo nauyin haihuwarsa cikin sati 2.

Cibiya a bar ta a bushe da tsabta, a naɗe kunzugu a ƙasanta. Ba a shafa mata komai sai maganin kuloheksidin idan ma'aikacin lafiya ya bayar. Takan faɗi cikin sati 1 zuwa 2. Ja a fatar da ke kewaye da ita, ruwa ko wari, alamar ƙwayar cuta ce.

Shawara ki duba ta kullum a hasken rana: ki danna goshinsa ko hancinsa da yatsa ki ga launin da zai bayyana, ki duba farin idonsa. 'Yar rawaya a kwana na 2 zuwa na 4 jarirai da yawa suna yi. Wadda ta fito cikin awa 24 na farko, ko ta sauka har tafin hannu da na ƙafa, ko ta wuce sati 2, ko ta zo da kashi fari, asibiti take so ranar. Shanya jariri a rana ba ya maganinta, kuma mai tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa. Idan ɗan fari ya yi shawarar da sai da aka sa shi a fitila, ki ƙara sa ido a kan wannan.

Kwanciya a rigingine, a shimfiɗa mai ɗan tauri, ba matashi, ba tarin zannuwa kusa da fuskarsa, ba hayaƙi a ɗakin. Kada yayansa ya kwana a gefensa.

Waɗannan alamomin ki haddace su, ki koya wa duk wanda ke taya ki reno: ya ƙi kama nono, ya yi jijjiga, numfashinsa ya kai 60 ko fiye a minti ɗaya, ƙirjinsa na lotsawa sosai in ya ja numfashi, ba ya motsi sai an taɓa shi, zafin jikinsa ya haura 37.5 ko ya sauka ƙasa da 35.5. Ko ɗaya aka gani ba a jiran gari ya waye, ba a kuma ba shi ragowar maganin yayansa.

Mataki na takwas: ke kanki

Mai jego ta biyu ita ce ta fi saurin tashi ta kama aiki, ita ce kuma ta fi buƙatar hutu. Duk wanda ya ce me zai taya ki, ki ba shi aiki takamaimai: wanki, girki, ko ya fita da babban awa biyu ki yi barci. Jinin biƙi yana iya kaiwa sati 6, yana raguwa yana canza launi daga ja zuwa fari-fari. In ya dawo ja da yawa, ko kina jiƙa audugar mata cikin awa ɗaya, ko gudaji manya na fita, ki koma asibiti. Haka zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani da dishin gani (jijjiga na iya zuwa bayan haihuwa), kumburi da ciwo a ƙafa ɗaya, ko numfashi sama-sama.

Kuka ba dalili a kwana na 3 zuwa na 5 ya zama ruwan dare, yakan wuce cikin sati 2. A wannan karon yakan haɗu da jin kin tauye ɗan fari, ko tsoron ba ki son na biyun kamar na farko. Mata da yawa sun ji haka, shaƙuwar takan zo a hankali. Amma idan baƙin cikin ya wuce sati 2, ba ki iya barci ko da jariri ya yi, ko tunanin cutar da kanki ko yaran na zo miki, ki gaya wa ma'aikacin lafiya. Ciwo ne da ke kama fiye da mace 1 cikin 10 bayan haihuwa, kuma ana maganinsa.

A duba ku ke da jariri a kwana na 2 zuwa na 3, sannan tsakanin kwana 7 da 14, sannan a sati na 6. Kada ki bari sai wannan zuwan na ƙarshe kafin ku yi maganar tazara da maigida, domin wadda ba ta shayarwa sosai tana iya ɗaukar ciki tun sati 3 bayan haihuwa, kafin ma ta ga al'ada. Shayarwa na kare ki ne kawai idan sharuɗɗa uku sun cika tare: yaro bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a bar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin. Ranar sati 6 ɗin ki tafi da katin rigakafin jaririn, domin a jadawalin ƙasashe da yawa ranar ce ake fara zagaye na gaba na allurai. Ki ɗauki katin yayansa ma a duba ko akwai wadda ta wuce shi a watannin da kike fama da ciki.